Daga Singafo Zuwa Niyok: Abin Da Matashi Zai Lissafa Kafin Ya Hau Jirgi

Da tsakar rana jirgin yake tashi daga filin Changi na ƙasar Singafo. Samfurin Airbus A350 ne, wanda aka yi wa gyara na musamman yadda tankunansa ke shan mai lita 165,000. Kujerunsa 161 ne kacal, alhali irinsa na yau da kullum yana iya kwasar mutum 300. Matuƙa huɗu ne a ciki suna karɓa-karɓa, biyu na tuƙi, biyu na hutawa a wani ɗan ɗaki da aka ware musu. Daga sa'ar da tayoyinsa suka bar ƙasa, ba za su sake taɓa ta ba sai a filin John Kennedy na birnin Niyok a Amurka, bayan awa 18 da 'yan kai. Tsakanin filayen biyu kilomita 15,349 ne, kuma tun watan Nuwamba na 2020 da kamfanin Singapore Airlines ya buɗe wannan hanya, babu jirgin fasinja da ke yin tafiyar da ta fi ta tsawo ba tare da yada zango ba.

Ba kowane matashi ne zai hau wannan jirgi ba. Amma duk wanda ya fahimci tafiyarsa ya fahimci kowace tafiyar jirgi, ko ta karatu ce a Alƙahira, ko ta saro kaya a ƙasar Sin, ko ta Umara. Tambayar da matasa suka fi yi idan sun je wurin ejan ita ce: "Awa nawa ne?" Ejan ya faɗi abin da ya zo bakinsa, su kuma su riƙe. A cikin tambayar nan akwai tambayoyi da yawa da aka cusa wuri guda: nisan wurin, daɗewar jirgi a sama, abin da agogo zai nuna a can, da tsawon lokacin da mutum zai yi daga ƙofar gidansu zuwa masaukinsa. Kowace da amsarta, kuma matashin da ya gama sakandare yana da isasshen lissafin da zai fitar da su da kansa. Wannan aikin ne ya kamata ya yi kafin ya miƙa kuɗin tikiti.

A fara da nisa. Taswirar da ke manne a bangon aji shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Wanda ya ɗora rula a kan taswira ya ja layi daga Singafo zuwa Niyok zai ga layin ya ratsa ta wajajen tsakiyar duniya, ya ɗauka nan ce hanya. Sai ya nemi ƙwallon duniya irin wanda ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta, ya samo zare. Ya danne bakin zaren da babban yatsa a kan Singafo, ya ja ɗaya bakin zuwa Niyok, ya ɗame shi har ya daina lanƙwasa. Zai ga zaren ya haura arewa, ya bi ta kan ƙasar Sin da Rasha, ya gifta dab da ƙoƙon duniya inda ƙanƙara ba ta narkewa, sannan ya gangaro ta Kanada. Wannan ce gajeriyar hanya, ita ce ake nufi idan an ce kilomita 15,349. Shi ya sa fasinja ke ganin hanyar jirgi a lanƙwashe a ɗan allon da ke bayan kujerar gabansa, har wani ya zaci matuƙi zagaye yake yi. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, saboda haka babu garuruwa biyu da nisansu ya wuce kilomita 20,000 da wani abu ƙalilan. Jirgin Singafo yana cinye kashi uku cikin huɗu na wannan iyaka a zama ɗaya.

Idan an san nisa, fitar da awoyin tafiya abu ne mai sauƙi. Manyan jiragen fasinja suna tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, da gudun da ya kusa kilomita 900 a awa. Matashi ya raba nisan da 850, ya ƙara rabin awa na tashi da sauka, zai sami abin da ya yi kusa da gaskiya. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne: awa huɗu da rabi ke nan. Daga Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000: awa shida da rabi. Daga Singafo zuwa Niyok lissafin zai ba shi awa 18 da rabi, kusan daidai da abin da ke rubuce a tikiti. Duk wanda ya iya wannan ɗan lissafi, in aka ce masa tafiyar kilomita 8,000 za ta ci awa 30, ya san cewa akwai dogon zaman jira a wani filin jirgi da ba a gaya masa ba.

Sai dai sama ba hanya ce mai kwalta ba. A tsayin da jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas kamar kogi, gudunta kan wuce kilomita 200 a awa, musamman lokacin hunturu. Jirgin da ya nufi gabas ya faɗa cikinta tana tura shi, wanda ya nufi yamma kuwa sai ya yi ta kokawa da ita ko ya kauce mata. Tsakanin Niyok da Landan kimanin kilomita 5,500 ne, ko ta ina aka auna, amma mai zuwa Landan yakan yi awa bakwai ko ƙasa da haka, mai komawa Niyok kuma ya kusa awa takwas. A watan Fabrairu na 2020, lokacin guguwar da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya taso daga Niyok ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, domin iskar ta cicciɓe shi. Saboda wannan iska ce jirgin Singafo sau da yawa ba ya bin hanyar da zare ya nuna. In zai je Niyok yakan bi ta Jafan da arewacin Tekun Fasifik, in zai dawo kuma yakan tsallaka Tekun Atlantika ya bi ta Turai. Zuwa da dawowa duk gabas ya fuskanta. Kilomitocin sun ƙaru, amma mai da lokaci sun ragu.

Bayan iska akwai siyasa. Kowace ƙasa tana da iko da samaniyarta, kuma tana iya rufe ta. Kafin 2022 jirgin kamfanin Finnair yana zuwa Tokiyo daga Helsinki cikin kimanin awa tara, ta saman Rasha. Da yaƙin Yukren ya ɓarke aka rufe wannan hanya ga jiragen Turai, tafiyar ta koma kusan awa 13. Maniyyatan Najeriya sun ɗanɗani irin wannan a 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe samaniyar ƙasar. Hanyar Jidda daga arewacin Najeriya ta saman Chadi da Sudan take bi, don haka dole jiragen alhazai suka yi zagaye, awoyin tafiya suka ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Matashin da yayansa ya ce masa "awa kaza na yi shekara biyar da suka wuce" ya gode masa, sannan ya duba abin da ake ciki a bana.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne agogo. Doka ɗaya ce a kowane tikitin jirgi: lokacin tashi agogon garin da aka tashi ne, lokacin sauka kuwa agogon garin da za a sauka. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa biyu, ƙasar Sin da Singafo suna gabanta da awa bakwai, Niyok kuma tana bayanta da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, domin Amurkawa suna tura agogonsu gaba da bazara su dawo da shi da kaka. Tsakanin Singafo da Niyok bambancin awa 12 ne ko 13. Shi ya sa jirgin da ya tashi Singafo da tsakar ranar Litinin yake sauka Niyok da magaribar Litinin ɗin nan, kamar awa biyar ko shida da ɗoriya ya yi a hanya. Wanda ya tashi Niyok da daren Litinin kuwa sai asubahin Laraba yake isa Singafo, kamar ya yi kwana biyu. Dukansu awa 18 da wani abu suka yi a sama. Mai tashi daga Sidni ta Ostareliya da hantsi zuwa Los Anjeles ma abin nasa ya fi ban mamaki: bayan awa 13 da ɗoriya a sama, yana sauka da sassafen ranar da ya taso, domin ya ƙetare layin da kwanan wata ke canjawa a tsakiyar Tekun Fasifik.

A ɗauki misalin ɗalibin da ya sami gurbin karatu a Amurka. Daren da zai tafi mahaifiyarsa tana ɗaure masa ƙullin yaji da kilishi, ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe nawa za ka sauka?" Ya duba takarda ya ce, "Ƙarfe uku na rana gobe, Inna." Washegari uku ta yi, ta sa ƙanensa ya kira. Waya a kashe. Aka yi la'asar, aka sake kira. Aka yi magariba, tuwo ya huce a kwano ba wanda ya taɓa, mahaifin ya kasa zama ya koma ƙofar gida yana jan carbi. Shi kuwa yaron yana can saman teku lafiya lau, domin ukun da ya karanta ta Niyok ce, a gida sai takwas ko tara na dare. Da ya zauna minti biyu ya mayar da lokacin zuwa agogon gida, ya ƙara awa biyu na layin jami'an shige da fice da jiran jaka, da ya ce musu kada su sa ran jin muryarsa kafin goma ko sha ɗaya na dare, da kowa ya ci abincinsa hankali kwance. Iyaye suna da wannan haƙƙin a kan ɗansu.

Akwai wasu alamomi biyu a tikiti da ke cin mutane. Na farko, idan an ga "+1" kusa da lokacin sauka, ana nufin washegari ne, "+2" kuwa jibi. Na biyu shi ne jirgin tsakar dare. Tikiti yana amfani da agogon awa 24, saboda haka 00:30 na ranar Talata yana nufin minti 30 bayan sha biyun daren Litinin. Mai irin wannan tikiti da daren Litinin zai tafi filin jirgi. Wanda ya bari sai daren Talata zai tarar jirginsa ya tashi tun jiya, kuma sau da yawa kuɗin sun tafi ke nan ko kuma sai ya biya tara mai nauyi.

Yawancin tafiye-tafiyen da matasan ƙasar Hausa ke yi ba na zama ɗaya ba ne, akwai canjin jirgi. Ɗan kasuwar da zai je Gwanzu ta ƙasar Sin daga Kano ta Adis Ababa yana da kimanin kilomita 3,300 a zangon farko, da kimanin 8,000 a na biyu. A sama zai yi kimanin awa 15. A ƙara awa uku da ake so ya iso filin jirgi kafin tashi don awon kaya da bincike, a ƙara zaman jira a Habasha, a ƙara layin shige da fice da kwastan a can, a ƙara motar da za ta kai shi masauki. In daga Katsina ko Maraɗi ya taso, a sa da tafiyar mota zuwa Kano. Tafiyar da aka ce masa ta awa 15 ce ta zama ta kwana guda cur, ko fiye. Da wannan jimillar zai tsara ranar da zai shiga kasuwa ko ranar rajista a makaranta.

Zaman jiran nan shi ne wurin da ya kamata a fi sa ido. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai jiran awa 14 a kan benci, ko mai tazarar minti 50 tsakanin jirgi da jirgi a filin da sai an yi tafiyar kilomita guda daga wannan ƙofa zuwa waccan. Na farkon yana cinye rarar da aka samu a abinci da wahala, na biyun kuwa sauri ne da ke haifar da nawa, don jinkirin rabin awa a jirgin farko ya isa ya sa a rasa na biyu. Tazarar awa biyu zuwa huɗu ta fi kwanciyar hankali. Matashi ya kuma tambayi ejan ƙarara ko zangunan duka a tikiti ɗaya suke. In a ɗaya suke, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai nema masa wani jirgin, kuma galibi jakarsa za ta wuce kai tsaye. In tikiti biyu ne daban aka haɗa masa don araha, asarar a wuyansa take. Haka nan ya bincika batun bizar wucewa. Masu fasfon Najeriya da na Gana suna cikin waɗanda ƙasashen Turai na yarjejeniyar Shengen ke neman wannan biza daga gare su ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, in ban da waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da bizar Amurka ko Kanada. Wanda bai da ita tun daga gida ake hana shi hawa.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a bushe take ƙamas kamar ta tsakiyar hunturu, shi ya sa leɓe ke tsagewa, maƙogwaro ya bushe. Maganinta shan ruwa a kai a kai. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne dogon zama wuri ɗaya, wanda kan sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa haɗarin yana ninkawa biyu bayan zaman tafiya na awa huɗu ko fiye, ko da yake waɗanda abin ke samu kaɗan ne, kimanin mutum ɗaya cikin 6,000. Kada kunya ta hana matashi cewa na kusa da shi ya ba shi hanya. Ya tashi duk bayan awa ɗaya ko biyu ya taka zuwa bayan jirgi ya dawo, in yana zaune ya riƙa motsa idon sawu. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su ga likita kafin tafiya. In kuma bayan an sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, asibiti za a nufa nan take.

Bayan an sauka sai rikicewar barci. Jiki yana nan a kan agogon gida, rana kuwa tana kan agogon can. Wanda ya isa Gwanzu zai ga idonsa biyu har ukun dare, da hantsi kuma barci ya danne shi a tsakiyar ciniki. Ana ƙiyasta cewa jiki yana gyara kusan awa ɗaya ne a kowace rana, kuma tafiyar gabas ta fi ta yamma wuya. Don haka ɗalibar da ke da jarrabawar shiga makaranta, ko ɗan kasuwar da zai ƙirga kuɗi masu yawa, su ba kansu kwana biyu ko uku kafin ranar. Fita cikin hasken rana da cin abinci a lokacin mutanen garin suna taimakawa ƙwarai.

Musulmi matafiyi yana da ƙarin abin lura, domin salla da azumi da rana suke tafiya, ranar wurin da mutum yake a lokacin. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake yi, lokutan salla su riƙa zuwa kusa da kusa. Mai tafiya yamma kuwa rana tana bin sa, har mai azumi ya ga agogon hannunsa ya nuna lokacin shan ruwa a gida alhali ga rana tsaye ta taga. Mai zuwa Umara ta Jidda yana buƙatar sanin lokacin da jirgi zai daidaita da miƙati don ya kasance cikin shiri. Waɗannan mas'aloli ne da malamai suka yi bayaninsu, tare da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, kuma wurin tambayarsu shi ne gaban malami tun ana sauran kwanaki.

Duk wannan sauƙin sabo ne. A 1947 jirgin kamfanin Qantas yana kwana huɗu tsakanin Sidni da Landan, yana sauka a Darwin da Singafo da Kalkata da Karachi da Alƙahira da Tarabulus. Sai a watan Maris na 2018 kamfanin ya fara zuwa Landan daga birnin Perth a zama ɗaya, kimanin kilomita 14,500 cikin awa 17. Kano ma ta ci moriyar wancan zamani na gajerun zanguna. Jiragen farko sun sauka a birnin a 1925, daga baya kuma filinsa ya zama mashayar mai ga jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka, har zuwa lokacin da aka ƙera jiragen da ba sa buƙatar tsayawa. Kafin jirgi kuwa, alhazan ƙasar Hausa a ƙafa da kan jakuna suke bin hanyar gabas ta Borno da Wadai da Darfur, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri su ƙara gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu ce ke zaune yau a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Mutanen nan ba su da taswira a aljihu, amma kafin su ɗaga ƙafa sun san zango nawa ne, ina rijiya take, wane sarki ne ke kan hanya, wane wata ne ya dace a tashi.

Jikansu da zai yi wannan tafiya cikin awa huɗu da rabi abin da ake nema daga gare shi bai kai nasu ba. Ya ɗauki takarda da biro daren da aka turo masa tikiti. Ya rubuta lokacin tashi da na sauka na kowane zango, ya mayar da su duka agogon gida, ya fitar da awoyin sama da na jira, ya ja layi a ƙarƙashin ranar da zai bar gida. Ya kwafi takardar gida biyu, ɗaya ya sa cikin fasfonsa, ɗaya ya bar wa mahaifiyarsa, da lambar wanda zai tarbe shi a can da kuma sa'ar da za ta fara sauraron kiransa.